Sanarwa: zaman Asabar kan zane da ƙaura

Salama alaikum ƴan uwa. Zamanmu na Asabar yana nan bayan la'asar, inda muka saba haɗuwa a Garwa.

Za mu duba hotunan aikin Barthélémy Toguo, ɗan Kamaru da aka haifa a Mbalmayo a 1967. Ya sassaƙa manyan tambura na katako, irin wanda jami'in kan iyaka ke bugawa a fasfo, kowanne da siffar kan mutum da kafaɗunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin biza ya san ciwon nan.

Sai na Romuald Hazoumè na Benin. Jarkokin fetur 304 ya jera a ƙasa, yadda aka riƙa jera bayi a cikin jirgin ruwan nan na Ingila, Brookes. Bakin jarka ya zama bakin mutum, mariƙin ya zama hanci. Irin jarkokin zuwa-zuwa ne, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, da ke wuce mu kullum a bayan babur, shi ya sa ni dai ya fi taɓa ni.

Masu zane su zo da takarda da fensir. Mai zuwa ya rubuta sunansa a nan kafin Juma'a, saboda lissafin shayi.