Yis mai sauri ba ya nufin a yi komai cikin gaggawa

Malam Edita, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan masu haɗa giya a gida da yanzu suke rububin yis ɗin nan mai saurin aiki da ake kira kveik, saboda na lura da yawansu gani suke tunda yis ya yi sauri to sauran aikin ma a yi shi a gurguje, kuma abin yana damuna sosai.

Shi yis ai abu ne mai rai, tun 1857 masanin kimiyyar Faransa Louis Pasteur ya nuna haka, sukarin da ke cikin ruwan tsiron sha'ir yake ci ya fitar da barasa da iskar kabon. Wanda aka saba da shi yana son digiri 18 zuwa 20 ne, ya kwashe sati ɗaya ko biyu yana aiki, in zafi ya masa yawa kuwa sai abin ya fito da wari kamar na fenti yana ƙona maƙogwaro. Amma kveik, wanda manoman yammacin Norwe suka gada kaka da kakanni har suna busar da shi a jikin zoben katako, shi ko digiri 35 zuwa 40 bai dame shi ba, kwana uku ko huɗu ya kusa gamawa, kuma wasu nau'ukansa ba sa barin wani baƙon ɗanɗano. Gaskiya abin burgewa ne.

To amma fa zafin nan da kveik yake so, ƙwayoyin bakteriya ma suna sonsa, in ba ka wanke bokiti da tiyo da murfi ka kashe ƙwayoyin cikinsu ba kafin ka zuba, su ma za su ci rabonsu abin ya yi tsami. Sannan wanda ya fi ba ni tsoro shi ne masu ɗurawa a kwalba da zarar sun ga kumfa ta kwanta. Kwanciyar kumfa ba shaida ba ce! A sa ma'aunin sukari a auna yau, a sake aunawa bayan kwana biyu, sai lambar ta tsaya cak sannan a ɗura, in ba haka ba yis zai ci gaba da aiki a cikin kwalbar da aka toshe, iska ta taru ta fashe, kuma gilashi ba ya zaɓen idon da zai shiga, ko na yaro ne da ke wucewa.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku