Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sake wa babur ɗina fasali a Jidda

Zuwa ga shugaban kamfani,

Assalamu alaikum.

Jiya Talata, 14 ga Oktoba, ƙarfe 9:47 na dare, manajan garejinku ya ga damar amsa mini saƙo a WhatsApp, bayan makonni yana ganin kirana yana ƙyalewa. Saƙon murya ne, daƙiƙa 19, kuma yana nan a ajiye. Ga abin da ya ce: "Kai, irin wannan babur ba na kowa ba ne. In ba za ka iya ɗaukar nauyinsa ba, ka sayi na kai abinci irin na 'yan'uwanka. Daga gobe riyal 30 ne kullum kuɗin ajiya, sai ka zo ka kwashe kayanka." Na kira nan take, ya katse. Na sake kira, waya a kashe.

Kun riga kun sami wannan takarda da Larabci. Ta Hausa kuwa don mutanenmu na Jidda da Makka ne, tunda ni ma wani ɗan'uwa ne ya nuna mini ƙofarku, kuma har yau kunyata yake ji.

Ban raina masu kai abinci ba. Guminsu suke ci, cikin ranar da manajanku ba zai iya tsayuwar minti goma a cikinta ba, kuma baburansu suna kai su suna dawo da su. Nawa da na zuba muku riyal 18,500 a kansa shi ne yake jingine a bayan garejinku ƙura ta rufe shi.

Honda Shadow ne, mai inji 750cc. Na hannu na saye shi, amma tun da ya zo hannuna har na kawo muku shi ko fis bai taɓa ƙonewa ba, don haka kada a ɗora wa masana'anta. A watan Fabrairu na kawo muku shi ku sake masa fasali: kujera ɗaya, baƙin fenti, fitilun LED, da ƙaramin batir na litiyam da kuka ce shi ake yayi. Kuka ce za ku ɓoye duk wayoyin yadda ba za a ga ko ɗaya ba. Kun ɓoye su kuwa. Kuka ba ni takarda rubutun hannu mai hatiminku, garanti na shekara guda a kan aikin wuta.

Wajen ƙarshen Yuli ina dawowa daga Makka da dare, na wuce Shumaisi na doshi Bahra, sai fitilar gaba ta yi wani irin haske, ta ɗauke, inji ya mutu. Duk wanda ya san wannan titi ya san gudun da motoci ke yi a kansa. Babur baƙi, ba fitilar gaba ba ta baya, haka na tura shi gefe motoci suna kaɗa ni da iska. Motar ɗaukar kaya ta karɓi riyal 250 ta kawo shi wurinku. Kuka ce batir ne, wai garanti bai shafi batir ba. Na biya 950. Bai yi nisa ba ya sake mutuwa, wannan karon a cikin gari. Kuka ce koyil, mai samar da wutar caji, shi ne ya ƙone, shi ma garanti bai shafe shi ba: 1,400 kuɗin koyil, 600 kuɗin aiki. Na ce a ba ni tsohon koyil ɗin da aka cire, aka ce gobe. Goben ba ta zo ba har yau.

Na ukun a ƙofar gidana ya faru, a Gulail, yara suna wasa a gefe. Na murɗa makulli ke nan sai hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin kujera da warin roba. Ƙarƙashin kujerar nan ɗan taƙi ne tsakaninsa da tankin fetur. Wannan karon ban kawo muku ba tukuna. Na tura shi wurin wani dattijo a unguwarmu, mutumin Kano, wanda ya tsufa yana wayarin ɗin motoci a garin nan. Ya kwance kujera ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, matso ka gani da idonka, kada ka ce Baba ne ya faɗa."

Zan faɗa muku abin da na gani dalla-dalla, don in injiniyanku ya manta aikin hannunsa ya tuna.

Rektifaya, wadda ke karɓar wutar koyil ta wayoyin nan uku ruwan ɗorawa ta mai da ita wutar da batir ke ɗauka, kun cire ta daga inda iska ke bugunta kun cusa ta cikin rufaffen akwatin ƙarfe ƙarƙashin kujera, kusa da salansa. Baba ya nuna mini tsage-tsagen da ke jikinta, ya ce ba ado ba ne, na shan iska ne, domin wani ɓangare na rarar wutar da babur bai sha ba zafi yake komawa a wurin nan. Kuma da kuka sa LED, waɗanda ba sa shan wuta sosai, rarar ta ƙaru. A Jidda fa, a watan Yuli. Wayar at ɗinta kuma, wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen babur, kun ɗaure ta da noti a kan sabon fenti, ko kankare wurin ba ku yi ba, alhali fenti ba ya wuce da wuta. Ya naɗe wayoyin da suka narke, ya ɗaura wani tsohon batir nasa, ya tayar, ya sa mita. Babur mai lafiya in an ba shi wuta yana caji tsakanin volt 13.5 da 14.5. Nawa ya haura 16 yana neman 17. Batir ɗin litiyam ba ya jure wannan, shi ya sa na farko ya mutu, shi ya sa na biyu, na riyal 950, muka same shi ya kumbura.

Haɗin wayoyi kuwa ba dalma, ba soket, murɗawa kawai aka yi aka naɗe da baƙin salatif, zafi ya sa ya saki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babban fis. A gurbin fis mai lamba 30 guntuwar wayar tagulla muka tarar. Wani daga cikinku ya ga fis yana ta ƙonewa, maimakon ya nemi dalili sai ya toshe masa baki. Ba haka ya zo daga masana'anta ba, kuma tun Fabrairu ba hannun da ya shiga ƙarƙashin kujerar nan sai naku. Koyil kuma, Baba ya ce alamun da na kwatanta ba na mataccen koyil ba ne, don mataccen koyil rage caji yake yi, ba ya ƙara shi. To mene ne kuka cire, kuma mene ne kuka sa? Ku kawo tsohon a gwada a gaban kowa.

Na ɗauki hoto da bidiyo na duk wannan, na sake biyan wata 250, na kawo muku shi farkon Satumba da takardar garantinku a hannu. Daga nan sai zirga-zirga. Yau injiniya ya tafi hutu, gobe ana jiran kaya daga Dubai, jibi manaja yana taro. Yaron da ke karɓar baƙi, Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai yake kallon idona, kuma ba shi da ta cewa.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ina son ku mayar mini da riyal 2,950 na batir da koyil da aiki, da harajin kashi 15 cikin 100 da kuka ɗora a kai, da 500 na motar ɗauka. Ku sake wayarin ɗin gaba ɗaya a kuɗinku, rektifaya ta koma inda za ta sha iska, fis ya koma gurbinsa, Baba kuma ya duba kafin in sa hannu. Kuɗin ajiyar nan na riyal 30 ku riƙe shi a bakinku. Manajanku ya ba ni haƙuri a rubuce.

Maganar haraji ma akwai abin tambaya. Tun Disamba 2021 doka ta wajabta rasit na lantarki a ƙasar nan, ko shagon kusa da gida mai rajista in ka sayi madara zai miƙo maka takarda mai lambar da ake haskawa da waya. Ku da kuke karɓar dubbai, ba abin da na taɓa samu daga gare ku sai rubutun biro. Kashi 15 ɗin da na biya ina ya tafi?

Da ni kaɗai ne da na ce tsautsayi. Amma tun da na fara ba da labari a majalisa na ji mutum biyu da kuka yi wa irin wannan aiki, ɗaya fitilarsa ke mutuwa, ɗaya batir yake ta saye. Ga dukan alamu haka kuke ƙera kowane babur: ya yi kyau a hoto, a karɓi kuɗi, in ya lalace a sayar wa mai shi kayan gyara ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an taɓa ainihin ciwon ba, tunda ciwon shi ke kawo ciniki. In mai babur ɗin kuma baƙar fata ne, lissafinku shi ne ba zai kai ƙara ba, yana tsoron a tambaye shi iƙama, wato takardar izinin zama. Tawa da rai, takardun babur da sunana, kuma na san hanyar ofis. Saboda haka buƙatata ta wuce babur ɗina: ku kira duk wanda kuka yi wa wayarin ku buɗe ƙarƙashin kujerarsa kyauta, kafin wani ya kama da wuta a kan titin Haramain.

Na ba ku zuwa ranar Alhamis, 23 ga wata. In ban ji daga gare ku a rubuce ba, zan shigar da ƙorafi ma'aikatar kasuwanci ta lambarta 1900, in kai maganar rasit hukumar zakka da haraji da kwastan, tare da saƙon muryar, hotunan, da takardar garantin da kuka buga wa hatimi. 'Yan'uwa da kuke da babur daga hannunsu, ku kwance kujera yau ku duba fis, ku sa a auna muku caji kafin ku sake hawa babban titi.

Wassalam,
Mai baƙar Shadow da ke bayan garejinku,
Gulail, Jidda.