Kyasuwa ma ciyawar ado ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da masu lambu a gida, musamman masu kukan cewa ba abin da ke yi a ƙarƙashin mangwaro da darbejiya. Sai su zuba kuɗi a ciyawar kafet ta masu sayar da fulawa, su yi ta ban ruwa, ƙarshe ta kwakkwaɓe don inuwa ta yi mata yawa.

Ni kyasuwa na sa a bayan gidana. E, ita dai wadda ake yanko wa tumaki. Da kaka na zago kanta a bakin gona na adana, damina na sauka na watsa a gindin itatuwa, na ɗan yayyafa ƙasa a kai. Ba taki, ba ban ruwa. Wajen Satumba zuwa Oktoba sai ga kawuna jaja-jaja masu laushi kamar auduga, har maƙwabcina ya tambaye ni inda na sayo.

Amma fa tana zubar da iri ba kaɗan ba, in an sakar mata sai ta cinye lambun. A yanke ta kafin kan ya bushe, a ajiye wa dabbobi. Inda inuwa ta yi duhu sosai kuma, a sassare wa itacen rassa tukuna.

Naka,
Mai karatu daga Samaru, Zariya