A daina kulle masu ciwon mantuwa a ɗaki

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba kasafai ake jin kukansu ba, wato masu fama da ciwon mantuwa, wanda aka fi sani da gigin tsufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke da wannan lalura, duk shekara kuma ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki sosai. Tsufa kaɗai ba ya kawo ta. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, mafi yawansa nau'in da likitan nan ɗan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Wani kuma toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke jawo shi, ciwon mantuwa yakan ma kama wanda bai kai shekara 65 ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yi da mutum da zarar alamun sun bayyana. Dattijo ya fita sau ɗaya ya kasa gane hanyar gida, ko ya kira jikarsa da sunan ƙanwarsa a gaban baƙi, sai iyali su rufe masa ƙofa. Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin tsoro ne da kunya da gajiya, kuma galibi mata ne ke ɗauke da wannan jinya dare da rana ba mai karɓarsu. Amma me ya sa suke tsoro? Saboda sun san abin da ke jiransa a waje: yara su bi shi da ihu, manya su ce ya haukace, a wasu wuraren har a jefi tsohuwa da maita don ta shiga gidan da ba nata ba. Ashe ke nan maƙwabta ne suka kulle shi, iyali mukulli kawai suka juya. Likitoci kuwa sun daɗe suna cewa kaɗaici na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon, tare da hawan jini, ciwon sukari da raunin ji.

Wasu sun riga sun nuna cewa gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Tun 2005 Japan ta fara ba talakawa ɗan gajeren horo a kan yadda za su gane mai ciwon su taimake shi, har da ma'aikatan banki, direbobi da 'yan makaranta. Miliyoyi sun samu horon. Birtaniya ta kwaikwaye su a 2013. A birnin Bruges na Beljiyam, masu shaguna kan manna wata alama a ƙofa don a san nan wurin za a yi haƙuri da mai lalurar.

Kuma abin da ake koyarwar ba wani abu mai wuya ba ne. Ka tunkari mutum ta gaba, ka faɗi sunanka, ka yi magana a hankali, tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Idan ya ce zai je gaida mahaifiyarsa da ta rasu tuntuni, kada ka yi masa gardama, domin sabon makoki za ka jefa shi. Ka tambaye shi labarinta kuna tafe har ka kai shi gida. Idan ya maimaita tambaya sau biyar, amsa ta biyar ta zo da fara'a irin ta farko. Wanda ya manta sunanka yana iya tuna cewa ya ji daɗi a wajenka. Shugabannin wuraren ibada su ci gaba da ajiye masa gurbinsa, abokai kuma kada su yanke ziyara don "ai ba zai gane ni ba". A sa masa ƙaramin kati mai lambar wayar ɗan'uwa a aljihu. A kuma kai shi asibiti da wuri, domin akwai ruɗewar da ke zuwa daga ƙarancin sinadarin bitamin B12 ko ciwon damuwa, waɗannan kuwa suna da magani.

Ranar 21 ga Satumba ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya. Ina roƙon ka, Edita, ka ware mata shafi guda, ka gayyato likitocin ƙwaƙwalwa da masu jinya, sannan a ba su kansu masu ciwon dama su faɗi abin da suke so a yi musu da bakinsu.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karanta jaridarka