Faranti huɗu da suka kai ni ƙungiyar ƙwadago

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan mu ma'aikatan gidajen abinci.

Shekara 6 na yi a wani gidan abinci, daga wanke-wanke har na kai ga kai wa baƙi abinci, ban taɓa kawo zancen ƙungiya a raina ba. Wata rana tafasasshen mai ya fallatso wa abokiyar aikina a hannu, ta saki tire, faranti huɗu suka fashe. Ina kallo wurin ya yi bororo. Ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba da aiki, hawaye na zuba. Ƙarshen wata aka zabtare mata kuɗin farantan daga albashi, maganar magani kuwa ko sannu ba ta samu ba.

Washegari na sayi ɗan littafi, na riƙa rubuta lokacin shigar kowa da tashinsa. Awa 13, wata rana 14, ba ƙarin komai. In an rufe mu kan tsaya a ƙofar baya, mu uku da farko, kowa na ɗari-ɗari da kowa, don ba ka san wanda zai kai wa manaja tsegumi ba.

Wani dattijo ɗan ƙwadago ne ya buɗe mana ido. Ya ce Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta yi yarjejeniya ta 172 a 1991 musamman domin ma'aikatan otal da gidajen abinci, wadda ta ce ko baƙo ya ba da tukuici ko bai bayar ba, ma'aikaci na da albashinsa da za a biya a kan kari. Ta 98, ta 1949, ta hana a kori mutum don ya shiga ƙungiya. Ya kuma ba mu labarin ma'aikatan gidajen abinci na New York da suka ajiye aiki a 2012 suna neman Dala 15 a awa. Wallahi ranar na ji ƙafata ta taka ƙasa.

Da muka kai mutum 11 muka shiga wurin mai gidan tare, littafina a hannu. An daina yankar kuɗin faranti. Ni kuwa an mayar da ni aikin dare har yau, kuma ban yi nadama ba.

Roƙona, Malam Edita, ka turo wakilinka ya shigo ta ƙofar baya bayan an rufe, ya dubi hannayen masu wanke-wanke, ya tambaye su ƙarfe nawa suka zo.

Naka,
Wani ma'aikacin gidan abinci