Wasiƙa Zuwa Agadas Kan Hankaka da 'Yan Tsaki

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukan mutanen gida. Shirun namu ya yi tsawo, amma saƙon da ka ba Yaya cewa uwargida ta fara kiwon kaji, kuma tsuntsaye sun fara yi mata ɓarna, ya sa na ga batun ya fi ƙarfin 'yan kalmomi ta waya. Kai da ka sha rantsuwa cewa ba za a taɓa kafa akurki a gidanka ba, yau ga shi kana neman shawara a kan 'yan tsaki. Inna ta yi dariya da ta ji, ta ce in gaya maka kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa.

Abu na farko da nake so ku tantance shi ne wanda ke yi muku ɓarnar, domin maganin shirwa dabam, na hankaka dabam. Shirwa daga sama take kawo sura, idan ta samu ta tafi, idan ta kuskure ta ci gaba da shawagi. Hankaka kuwa sauka yake yi. Zai zauna a kan katanga ko reshen darbejiya ya daɗe yana kallon gidan, har ya san lokacin da ake watsa tsaki, da lokacin da tsakar gida ke zama ba kowa, da lungun da kaza ke ɓoye ƙwai. Sau da yawa su biyu suke zuwa: ɗaya ya sauka gaban uwar ya tsokane ta, idan ta buɗe fukafukai ta yo kansa, ɗayan ya ɗauke ɗan tsako ta baya. Namu na nan Katsina mai farin ƙirji da farin wuya ne, naku na hamada kuwa baƙi ne gaba ɗaya, wuyansa da ɗan ruwan ƙasa, amma halinsu kusan ɗaya. Idan da rana tsaka kuke rasa 'yan tsaki ba tare da kun ga gashi ko jini ba, ko kuna tsintar ɓawon ƙwai da huji a gefe nesa da inda kaza ke kwanci, to aikinsa ne. Muzuru da dare ya fi zuwa, kuma yakan bar alama. Na faɗi wannan ne don kada a ɗora wa yara laifin satar ƙwai, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa.

Za a ba ku shawarar mutum-mutumi, da rataye tsofaffin faya-fayan CD, da ɗaura leda a igiya. Duk suna aiki, amma na 'yan kwanaki kawai, domin da zarar tsuntsun ya lura abin ba ya barin inda yake, tsoronsa ya ƙare. Idan za ku yi, sai ku riƙa sauya masa wuri da sutura. Kada ka raina wayonsa: a Jami'ar Washington da ke Amurka, masu bincike sun sa wani abin rufe fuska suka kama hankaki suka sake su, shekaru bayan haka tsuntsayen na ci gaba da yi wa duk wanda ya sa wannan fuskar ihu, har da waɗanda ba a taɓa kamawa ba. Tsuntsun da ke riƙe fuskar mutum haka, riga a kan sanda ba za ta ruɗe shi da daɗewa ba. Shafa wa 'yan tsaki galura, wanda mata ke yi a nan, na ga yana rage ɓarnar shirwa, amma hankaka da ke sauka ya duba da kyau bai damu da launi ba.

Abin da ya tsayar mana da asara shi ne rufi, kuma a kansa nake so ka kashe kuɗinka. Kaza tana kwanci kwana 21, kuma daga ranar da ta ƙyanƙyashe har 'ya'yan su kai mako 6 zuwa 8, bai kamata su taka fili buɗaɗɗe ba. Mun kafa sanduna a gefen katanga, muka kewaye da waya mai ƙananan idanu, irin wadda ɗan yatsa ke shiga da ƙyar, domin idan idon ya yi faɗi hankaka zai zura baki ya ja ƙafar ɗan tsako. Sama kuma muka rufe rabi da zana saboda inuwa, rabi da raga. Saman nan shi mutane ke mantawa, su kewaye gefe da kyau su bar sama a buɗe, alhali ta nan ɓarawon ke shigowa. Ku da rana ta fi tamu zafi, inuwar ta zama wajibi, kuma a bar iska tana ratsawa. Idan kuɗin waya bai samu ba tukuna, babban kwando da aka kife aka danne da dutse yana riƙe uwa da 'ya'yanta na makonnin farko, a riƙa matsar da shi zuwa wuri mai tsabta kullum. Tun da muka yi haka, ƙyanƙyasar da ta biyo baya ta tashi ba mu rasa ko ɗaya ga tsuntsu ba, kuma ban iya kwatanta maka farin cikin da mai ɗakina ta yi ba.

Ƙwai kuma, a yi wa kaji wurin saka a cikin akurki, inda yake da ɗan duhu, a bar su a ciki har hantsi ya ɗaga, tun da yawancinsu da safe suke yi, sannan a kwashe sau biyu a rana. Dusa da ruwa ma a ciki za a ajiye. Hankaka abinci ke kiransa, don haka sauran tuwo, da kayan cikin kaza idan an yanka, da mushen ɗan tsako, kada a jefa su bayan gida, a binne su. Unguwar da ke kusa da mayanka ko babban juji ba ta rabuwa da shi, kuma in ban manta ba gidanka bai yi nisa da inda ake yanka ba. Akwai wani dalili bayan sata: tsuntsun daji da ke sha a kasko ɗaya da kaji yana iya kawo cuta. Ka tuna yadda murar tsuntsaye ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 da irin kajin da aka hallaka. Ita kuwa cutar Newcastle da ke share akurki lokacin hunturu, akwai rigakafinta, a nan Nijeriya cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ce ke yin sa, ku ma ku tambayi malamin dabbobi na wajenku.

Roƙo ɗaya nake yi maka: kada ka yarda a sa guba. Kawu ya matsa mini in cusa maganin ɓera a cikin ƙwai in ajiye a kan katanga, na ƙi, har ya yi fushi na ɗan lokaci. Hankaka zai ɗauki ƙwan ya kai inda ba ka sani ba, mage ko kare ko ungulu su ci mushensa, ga yara masu tsince-tsince. Ungulu ma yanzu sai ka daɗe ba ka ga ɗaya ba a kasuwarmu, kuma guba na cikin abubuwan da suka rage su.

Idan uwargida na da hali, ta haɗa da zabi biyu ko uku, domin ba abin da zai gilma ta sama ba su yi kururuwa ba, kaji kuma suna gane kukan su ruga maɓoya. Sai dai 'ya'yan zabi sun fi na kaza rauni, su ma rufin nan suke buƙata.

Ka rubuto mini ko naku baƙin yana taɓa kaji masu tasowa, domin namu bai cika wuce 'yan tsaki da ƙwai ba, kuma ka faɗa mini ko ana samun waya mai ƙananan idanu a kasuwarku. Idan babu, zan ba direban da ya kawo mana dabino ya taho muku da ita. Inna da Yaya da yara duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Naka amini.