Zuwa ga Mamana a Abu Dabi

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, kowa lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da hantsi. Ummanki ce ta faɗa min maganar da kika yi da ita a waya, wadda ba ki yi da ni ba: wai in kin gama digirin nan, aiki za ki nema a cibiyar sararin samaniya ta Mohammed bin Rashid da ke Dubai. Ita da murna ta faɗa min. Ni kuwa yau kwana uku ban yi barcin kirki ba.

Kada ki ɗauka tsohon malamin makaranta bai san abin da ya ɗauke miki hankali ba. Ina riƙe da rediyona ranar 9 ga Fabrairu 2021 aka ce kumbon Al-Amal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da kike zaune, ya isa duniyar Mars, wata bakwai bayan an harba shi daga Japan. Ke ce kika shigo da gudu kina nuna min hoton Sarah Al Amiri, kina cewa, Baba, ga mace da ɗankwalinta ita ke jagorantar masana. Wallahi na ji daɗi. Ƙasar da aka kafa a 1971, na ma girme ta, ga ta ta kai kayanta inda ƙasashe kaɗan suka kai. Ko da ƙaramar motarsu ta bincike mai suna Rashid ta tarwatse a duniyar wata a 2023 ba su naɗe tabarma ba, a shekarar Sultan Al Neyadi ya yi wata shida a tashar sararin samaniya. Wannan duk na yaba.

Amma ki saurare ni. Sun ce a 2028 za su harba wani kumbon zuwa duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita, tafiyar kusan shekara bakwai. Sun ce kuma nan da 2117 suna son su kafa gari a Mars. Masu lissafi da 2117, me shekara goma a rayuwar 'yar wani za ta dame su? Ni lissafina da damina nake yi, kuma ban san nawa suka rage min ba. Za ki ce bari a harba tukuna. In an harba ki ce bari ya isa. Haka Kawunki ya riƙa cewa, kin kuma san yadda ta ƙare, har yau Hajiya ba ta bari a taɓa ɗakin nan. Ba zan iya wannan sau biyu ba, Mamana. Ba zan iya ba.

Lokacin da na sayar da filin bakin titi, wa bai zage ni ba? Baffanki wata huɗu ba ya amsa min sallama. Aka ce na tura 'ya mace uwa duniya. Na tsaya na ce ilimi za ta ɗebo ta dawo. Yanzu so kike su ce ai mun faɗa? Kuma a ce a bakin Ummanki zan ji? Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce, kin kuma sani.

Mutanen da kike sha'awa ma, duba yadda suka yi. Samarinsu sun tafi Koriya ta Kudu suka koyi haɗa tauraron ɗan'adam, suka tafi Kolorado a Amurka aka ƙera Al-Amal tare da su, sannan suka tattara suka koma gida. Namu ma an yi haka: injiniyoyinmu da suka yi horo a Ingila su suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a 2011. Na san za ki yi dariya ki ce ina za a haɗa. Ban ce ɗaya suke ba, ni ma ina da ido. Amma can, komai daɗewarki, baƙuwa ce ke mai takardar zama.

Ban ce kada ki nema ba. In sun ɗauke ki, ki yi shekara biyu, uku ma na yarda, amma ki faɗa min adadin da bakinki in rubuta a bayan Alƙur'anina inda na rubuta ranar haihuwarki.

Ummanki ta yi miki dambun nama da yaji, muna jiran mai tafiya. Ki kira ni ranar Juma'a bayan La'asar, a wayata, ba tata ba. Allah ya yi miki albarka.

Babanki